Yadda Jamus ta shafe ƙarni tana kallon Yukren ta tagar Mosko

A watan Afrilun 2022, makonni bakwai bayan tankokin Rasha sun tsallaka iyaka, shugaban ƙasar Jamus Frank-Walter Steinmeier ya shirya zuwa Kyiv tare da takwarorinsa na Polan da ƙasashen Baltik uku, sai saƙo ya iso cewa shi dai ba a buƙatar zuwansa. Ba kasafai mai roƙo yake rufe wa wanda yake roƙo ƙofa ba. Sai ƙarshen Oktoba tafiyar ta yiwu, kuma a cikinta jiniyar harin sama ta tsare shi fiye da awa guda a maɓoyar ƙarƙashin ƙasa a Koriukivka, wani ƙaramin gari a arewacin Yukren. A farkon Maris na 1943 dakarun mamaya na Jamus da Hangare sun kashe mutum kusan 6,700 a wannan gari cikin 'yan kwanaki, suka banka masa wuta. Bajamushen da ya yi karatu ya san Lidice ta ƙasar Cek, ya san Oradour ta Faransa, inda aka yi irin wannan ta'asa. Koriukivka kuwa, da waɗanda aka kashe a cikinta suka ninka na Oradour sau goma, da wuya ya taɓa jin sunanta.

Bakin zaren dangantakar yana cikin wannan rashin sani. Shekara ɗari da 'yan kai Berlin tana ɗaukar Yukren ko dai rumbun hatsi, ko hanyar da kaya ke bi, ko kuma matsalar da za a zauna da Mosko a sasanta. Ɗaukarta a matsayin ƙasar da ake ciniki da ita kai tsaye sabon abu ne, kuma yaƙi ne ya tilasta shi.

Cuɗanyar jama'ar biyu ta tsufa. A 959 gimbiya Olga ta Kyiv ta aika manzanni wurin sarki Otto na Ɗaya tana neman bishop, aka turo mata Adalbert, ya koma gida ba nasara. Dokar birnin Magdeburg, wadda ta ba 'yan kasuwa da masu sana'a damar kafa majalisar gari da kotunsu, ta isa Lviv a 1356, ta isa Kyiv a ƙarshen ƙarni na 15, kuma ginshiƙin tunawa da ita yana nan tsaye a bakin kogin Dnipro. Bayan sarauniya Katarina ta Biyu ta gayyaci manoman Jamus a 1763, ƙauyukansu sun yaɗu daga Khortytsia zuwa kewayen Odesa, har Stalin ya kwashe da yawansu zuwa Kazakistan da Saiberiya a 1941. Sai dai duk wannan hulɗar mutane ce. Idan maganar siyasa ta taso, wasiƙar Berlin fadar sarkin Rasha take zuwa ko fadar Vienna, domin su ne suka raba ƙasar Yukren a tsakaninsu.

Sulhun burodi

Ranar 9 ga Fabrairun 1918, a Brest-Litovsk, Jamus da ƙawayenta na Yaƙin Duniya na Ɗaya, wato Ostiriya-Hangare da Bulgeriya da Daular Usmaniyya, suka sa hannu kan yarjejeniya da Jamhuriyar Jama'ar Yukren, wadda ko wata guda ba ta yi da ayyana 'yancinta ba. Wannan ne karon farko da manyan ƙasashe suka amince da Yukren a matsayin ƙasa. A Vienna da Berlin an raɗa wa yarjejeniyar suna sulhun burodi, kuma sunan ya faɗi gaskiya. Killace teku da Birtaniya ta yi ya jefa biranensu cikin yunwa, ita kuma gwamnatin Yukren, majalisar da ake kira Rada, a daidai lokacin sa hannun 'yan Bolshebik sun kore ta daga Kyiv. Aka yi ban gishiri in ba ka manda: Yukren za ta kawo hatsi tan miliyan ɗaya kafin ƙarshen Yuli, Jamus da Ostiriya su kore mata 'yan Bolshebik. Sojoji kusan 450,000 suka shiga, farkon Maris Kyiv ta dawo hannun Rada.

Rabin cinikin na soja ya tafi daidai, rabin hatsi ya wargaje, kuma dalilan suna da sauƙin ganewa. Hatsin ba ya hannun gwamnati. Yana hannun manoman da suka rabe gandayen masu ƙasa bayan juyin juya halin 1917, kuma Rada ba ta da 'yan sanda ko masu karɓar haraji da za su shiga ƙauye su fito da shi. Manomi ba ya ba da buhunsa a kan kuɗin takarda da ba abin da zai saya da su, ga shi kayan masana'antu da na noma da Jamus ta yi alkawarin kawowa ba su zo yadda aka ce ba. Sai ya binne hatsin, ko ya dafa barasa da shi. Abin da aka samu aka tara kuma, rundunar mamayar kanta ta cinye kaso mai tsoka.

Kwamandan Jamus, Hermann von Eichhorn, ya ga kamar matsalar raunin gwamnati ce. A Afrilu ya ba da umarnin shuka kai tsaye ga manoma ba tare da ya bi ta kan Rada ba, da majalisar ta yi ƙorafi sai sojojinsa suka kutsa cikin zamanta. Ranar 29 ga Afrilu aka ɗora Janar Pavlo Skoropadskyi a matsayin Hetman, tsohuwar sarautar shugabannin Kozak. Ya mayar wa masu gandaye filayensu, aka riƙa tura sojoji ƙauyuka karɓar hatsi da bakin bindiga. Manoma suka yi tawaye, ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki, ranar 30 ga Yuli aka kashe Eichhorn da bam a tsakiyar Kyiv. Hatsin da ya isa Jamus da Ostiriya bai kai ko rubu'in alkawarin ba. Ba za a ce zamanin Hetman bai bar komai ba, don a cikinsa aka kafa cibiyar kimiyya ta Yukren, aka yi musayar jakadu da Berlin. Amma da Jamus ta sha kaye a Nuwamba, mulkin da ta jingina ya bi ta. Ranar 14 ga Disamba Skoropadskyi ya sauka ya gudu Berlin, a Jamus ya rasu a 1945.

Daga nan Berlin ta koma ga Mosko. Yarjejeniyar Rapallo ta 1922 ta ɗinke tsakaninta da Sobiyet. A 1932 da 1933, lokacin yunwar Holodomor da ta kashe miliyoyi, ƙananan ofisoshin jakadancin Jamus a Kharkiv da Kyiv da Odesa sun riƙa aiko da rahotanni dalla-dalla, gwamnati ta karanta ta yi shiru don kada ciniki ya ɓaci. Sai 30 ga Nuwamban 2022 majalisar dokoki ta Bundestag ta kira abin kisan ƙare-dangi.

Jinin da aka zubar a Yukren, bashin da aka rubuta da sunan Rasha

Wasu 'yan kishin ƙasar Yukren sun zaci Hitler zai maimaita 1918. Da sun lura, a Maris na 1939 ya riga ya bar Hangare ta haɗiye ƙaramar jamhuriyar Yukren ta tsaunukan Karpat da zarar ta ayyana kanta. Duk da haka, ranar 30 ga Yunin 1941, kwana takwas da fara yaƙi da Sobiyet, ɓangaren Stepan Bandera na ƙungiyar 'yan kishin ƙasa ta OUN ya shelanta ƙasar Yukren a Lviv. Jamusawa suka kama Bandera, suka tsare shi a sansanin Sachsenhausen har 1944. Suka yanka ƙasar gunduwa-gunduwa: Galisiya aka haɗa da yankin mamaya na Polan, Odesa aka ba Romaniya, tsakiya aka damƙa wa Erich Koch, wanda ya kafa hedikwatarsa a Rivne maimakon Kyiv. Gandayen haɗaka na Stalin, da manoma suka tsana, Jamusawa ba su rusa su ba, saboda sun koyi darasin 1918: ya fi sauƙi a kwashi hatsi daga rumbu ɗaya da a bi gida-gida.

A ranakun 29 da 30 ga Satumban 1941 aka harbe Yahudawa 33,771 a kwarin Babyn Yar da ke gefen Kyiv, adadin da masu kisan suka rubuta da hannunsu. Yahudawan da aka kashe a faɗin Yukren sun kai kusan miliyan ɗaya da rabi, akasarinsu a bakin ramuka kusa da garuruwansu. Fiye da mutum miliyan biyu, da yawansu 'yan mata, aka kwasa zuwa Jamus aikin tilas. An sami 'yan Yukren da suka taya Jamusawa, har da kisan Yahudawa a Lviv da aikin 'yan sandan mamaya, kuma mayaƙan UPA, rundunar 'yan kishin ƙasar Yukren, sun kashe dubun-dubatar 'yan Polan a Volhiniya a 1943. An kuma sami miliyoyi da suka yi yaƙi cikin rundunar Sobiyet, waɗanda suka ninka na farko sau da yawa.

Abin da ya shafi siyasar yau shi ne yadda aka tuna wannan a Jamus. A bakin Jamusawa yaƙin gabas sunansa yaƙin Rasha, kuma mutum miliyan 27 da Sobiyet ta rasa sun zama matattun Rasha. Alhali Yukren da Belarus aka mamaye gaba ɗayansu, Rasha kuwa yammacinta kawai. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe, Rasha ta gaji kujerar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kuma gaji kunyar da Jamusawa ke ji. Shi ya sa ɗan siyasar Jamus zai ce da zuciya ɗaya tarihi ya hana shi aika makamin da za a harba wa sojan Rasha, bai lura cewa jikokin waɗanda kakanninsa suka fi cuta ne ke roƙon makamin ba. Hatta a Janairun 2022, a cikin Kyiv, ministar harkokin waje Annalena Baerbock ta kafa hujja da tarihi wajen ƙin ba da makamai. Diyya ma ta zo a makare. Gidauniyar da aka kafa a 2000 ta biya mutum kusan 471,000 a Yukren yuro miliyan 867, wato kowa bai kai yuro 2,000 ba a matsakaici, a lokacin da mafi yawan waɗanda suka yi aikin tilas sun riga sun mutu.

Sunan Bandera kuwa har gobe ƙaya ne. A birnin Munich ɗan leƙen asirin Sobiyet Bohdan Stashynsky ya kashe shi a 1959, kotun Karlsruhe ta yi shari'ar a 1962. Ga wasu 'yan Yukren alamar turjiya ne, ga Jamusawa da 'yan Polan da Yahudawa shugaban ƙungiyar da hannunta ke da jini. Kare shi da jakadan Yukren a Berlin Andriy Melnyk ya yi a wata hira a 2022 ya jawo masa suka mai zafi, kwanaki kaɗan bayan haka aka sanar da janye shi.

Bututu

Manufar shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Willy Brandt ta sassauci da gabas ta zo da ciniki a ƙarƙashinta. A Fabrairun 1970 aka ƙulla shi a Essen: kamfanin Mannesmann ya ba da manyan bututun ƙarfe, bankunan Jamus suka ba da bashi, Sobiyet ta biya da iskar gas. A Oktoban 1973 gas ɗin farko ya shiga Bavariya ta Waidhaus, kuma ta cikin Yukren ya biyo. Haka babban bututun Urengoy zuwa Uzhhorod na farkon shekarun 1980, wanda Ronald Reagan ya yi ƙoƙarin hanawa da takunkumi ya kasa. Da Yukren ta sami 'yanci, Jamus ta amince da ita ranar 26 ga Disamban 1991, aka ƙulla hulɗar jakadanci ranar 17 ga Janairun 1992, sabuwar ƙasar ta tsinci kanta riƙe da hanyar da kusan kashi 80 cikin ɗari na gas ɗin da Rasha ke sayar wa Turai yake bi.

Amfanin wannan hanya biyu ne. Akwai kuɗin wucewa, dala biliyan biyu zuwa uku a shekara. Akwai kuma wanda ya fi kuɗi: muddin gas ɗin Jamus ta Yukren yake bi, duk wanda ya kai wa Yukren hari ya yanke wa kansa kuɗin shiga, ya kuma jawo Turai cikin rigimar ko ba ta so. Bututun Nord Stream, wanda ke kai gas daga Rasha zuwa Jamus kai tsaye, wannan kariya ya cire. An sa hannu a kansa a Berlin ranar 8 ga Satumban 2005 a gaban shugaban gwamnatin Jamus Gerhard Schröder da Vladimir Putin, kwana goma kafin zaɓen da ya kawar da Schröder, kuma kafin shekarar ta fita aka sanar da shi a matsayin shugaban kwamitin masu hannun jarin kamfanin. Bututun ya bi ta ƙarƙashin tekun Baltik, kilomita kusan 1,200 daga Vyborg zuwa gaɓar Greifswald, da ƙarfin kubik mita biliyan 55 a shekara, aka buɗe shi a 2011.

Jamusawa suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Harkar gas a Yukren ta lokacin cike take da dillalai masu cin riba a duhu da basussukan da ba a biya, kuma rigimar Kyiv da Mosko ta tsinke wa Turai gas a Janairun 2006, ta sake a Janairun 2009 har kusan mako biyu cikin tsananin sanyi. Wannan ya isa bayanin bututu na farko. Na biyu, wato Nord Stream 2, shi ne ba shi da mafaka, domin a 2015 aka ƙulla shi, shekara guda bayan Rasha ta ƙwace Kirimiya. A shekarar kuma aka bar kamfanin gas na Rasha, Gazprom, ya mallaki rumbun ajiyar gas mafi girma a Jamus, na Rehden, wanda aka tarar kusan wayam a lokacin sanyin da ya gabaci yaƙi. Zuwa 2021 kusan kashi 55 cikin ɗari na gas ɗin da Jamus ke shigo da shi na Rasha ne, gwamnati kuma tana nanata cewa aikin na 'yan kasuwa ne, babu ruwansa da siyasa.

Bukares da Minsk

A taron NATO na Bukares a Afrilun 2008 George Bush ya so a ba Yukren da Jojiya tsarin shiga ƙungiyar, Angela Merkel da Nicolas Sarkozy suka taka birki. Hujjar Merkel ita ce akasarin 'yan Yukren a lokacin ba sa son NATO, kuma Putin ba zai naɗe hannu ba. Matsayar da aka fitar ta ce ƙasashen biyu za su zama mambobi, ba rana ba wata. An tsokano Mosko, ba a kuma ba Kyiv garkuwa ba. Watanni huɗu bayan haka Rasha ta shiga Jojiya.

Bayan 2014, da yaƙi ya ɓarke a gabashin Yukren da 'yan awaren da Rasha ke mara wa baya, Jamus ta zama babbar mai shiga tsakani, kuma a nan dole a ba Merkel haƙƙinta. Takunkumin Tarayyar Turai a kan Rasha sai an sabunta shi duk wata shida da yardar kowace ƙasa, kuma ita ta riƙe masu son zamewa shekara da shekaru. Amma yarjejeniyar Minsk ta biyu, da aka kwana ana tattaunawa a kanta har safiyar 12 ga Fabrairun 2015 yayin da aka yi wa sojojin Yukren ƙawanya a Debaltseve, da ciwonta aka haife ta. Sharuɗɗa 13 ne: tsagaita wuta, janye manyan bindigogi nisan kilomita 50 zuwa 140 gwargwadon girmansu, sa idon ƙungiyar tsaro da haɗin kan Turai ta OSCE, afuwa, musayar fursunoni, zaɓen ƙananan hukumomi a yankunan 'yan aware, matsayi na musamman a tsarin mulki. Ciwon yana cikin jerin. Sharaɗi na tara ya ce Yukren za ta fara karɓar iyakarta da Rasha, fiye da kilomita 400, washegarin zaɓe. Sharaɗi na goma ya ce mayaƙan waje su fice, bai sa wa'adi ba. Wato a yi zaɓe tukuna a inda masu bindiga ke iko kuma makamai ke shigowa ta iyakar da ba mai tsaro, sannan waɗanda suka ci su sami halasci da murya a siyasar Kyiv. Yukren ta ce tsaro kafin zaɓe, Rasha ta ce zaɓe kafin tsaro, takardar kuma kowa zai iya karanta ta yadda ta yi masa.

Akwai ciwo na biyu. Shugabannin Jamus da Faransa da Rasha da Yukren ba su sa hannu a kan sharuɗɗan ba, sanarwar goyon baya kawai suka fitar. Rasha ta sa hannu ta hannun jakadanta, tana cewa ita mai sulhu ce kamar Jamus da Faransa, ba mai faɗa ba. Babu abin da takardar ta ɗora mata da sunanta. Steinmeier, yana ministan harkokin waje, ya kawo dabarar da aka laƙaba wa sunansa: matsayi na musamman ya fara aiki na wucin gadi da ƙarfe takwas na daren ranar zaɓe, ya tabbata idan OSCE ta ce zaɓen ya yi kyau. Dabarar ba ta taɓa maganar iyaka ko masu bindiga ba. Da Volodymyr Zelensky ya amince da ita a Oktoban 2019, dubban mutane suka fito titunan Kyiv suna cewa miƙa wuya ne. Wannan, haɗe da goyon bayan Steinmeier ga Nord Stream, shi ne asalin rufe masa ƙofa a 2022. Shi da kansa ya amsa a watan Afrilun nan cewa riƙe bututun da ya yi kuskure ne.

Daga hular kwano zuwa Leopard

Ranar 26 ga Janairun 2022, sojojin Rasha fiye da dubu ɗari suna bakin iyaka, ministar tsaro Christine Lambrecht ta sanar da gudummawar hular kwano 5,000. Kwanaki kaɗan kafin nan babban hafsan sojan ruwan Jamus ya yi murabus bayan ya ce a Indiya Kirimiya ta tafi ba za ta dawo ba. Daga nan abubuwa suka juya cikin mako guda. Ranar 22 ga Fabrairu shugaban gwamnati Olaf Scholz ya dakatar da lasisin Nord Stream 2, ranar 26 ya amince da makaman fasa tanka 1,000 da makamai masu linzami samfurin Stinger 500, ranar 27 ya tsaya a Bundestag ya ce zamani ya juya, ya ware yuro biliyan 100 don gyara rundunar Jamus.

Me ya sa duk da haka sunan Jamus ya zama na mai jan ƙafa? Wani ɓangare doka ce. Duk makamin da aka ƙera a Jamus, ko ya fito daga rumbunta, wanda ya saya ba ya iya miƙa shi ga wani sai da izinin Berlin. Saboda haka jinkirin Jamus ya zama jinkirin kowa: tsofaffin igwoyin Jamus ta Gabas da Estoniya ta so bayarwa sun maƙale a nan, haka tankokin Leopard 2 da ke hannun Polan da wasu ƙasashe fiye da goma. Wani ɓangare kuma halin Scholz ne na ƙin yin gaba shi kaɗai. Bai saki Leopard ba sai 25 ga Janairun 2023, bayan Amurka ta yarda ta ba da nata Abrams. Guda 18 suka isa a ƙarshen Maris, lokacin Rasha ta yi watanni tana binne nakiyoyi da haƙa ramuka a kudu, inda farmakin Yukren na wannan shekara ya cije.

Ba da makami kuma dabam, riƙe shi yana aiki dabam. Motar kakkaɓo jirage ta Gepard, da rundunar Jamus ta daɗe da yi wa ritaya, tana cin harsashi mai milimita 35 wanda da yawansa a Suwizalan aka ƙera, ita kuwa Suwizalan ta ce 'yar ba-ruwana ce, ta hana a miƙa shi. Sai da kamfanin Rheinmetall ya kafa sabon layin ƙera shi a Jamus a 2023. Wannan tsohuwar mota ta zamo cikin abin da ya fi amfani a kan jirage marasa matuƙa samfurin Shahed, don harsashinta ya fi makami mai linzami araha nesa ba kusa ba. Igwa mai tafiya da kanta ta Panzerhaubitze 2000 kuwa, a lissafin sojan Jamus harbi ɗari a rana aiki ne mai nauyi, 'yan Yukren suna wuce haka sosai. Na'urar ɗura harsashi da bakin bindigar suka riƙa gajiya, ba a yi odar kayan gyara da wuri ba, sai an ɗauki igwa a mota zuwa Lituweniya. A gefe guda, na'urorin kare sama na IRIS-T, da na farkonsu ya isa a Oktoban 2022, da na Patriot, suna cikin abin da ya tsare biranen Yukren, kuma a jimillar taimako Amurka ce kawai ta sha gaban Jamus. Makami mai linzami na Taurus, mai cin kilomita 500, Scholz ya ƙi bayarwa har ya sauka. Friedrich Merz, da ya matsa a bayar yana adawa, da ya hau mulki a Mayun 2025 sai ya daina wallafa jerin makaman da ake aikawa, ya karkata ga biyan kuɗin ƙera makamai masu cin dogon zango a cikin Yukren.

Abin da ya fi sauya fahimtar juna ba a ofis ya faru ba. 'Yan Yukren fiye da miliyan ɗaya, akasari mata da yara, suna zaune a Jamus ba tare da sun bi layin neman mafaka ba, albarkacin dokar kariyar wucin gadi ta Tarayyar Turai. Daga Yunin 2022 aka sa su a tallafin da ake ba marasa aikin yi na gida. Samun aikinsu ya yi jinkiri fiye da na Polan ko Holan, saboda tsarin Jamus yana fara tura mutum ajin koyon harshe, tantance takardun sana'a yana cin watanni, guraben renon yara kuma sun yi kaɗan. Wannan ya zama makamin siyasa, musamman a gabashin Jamus, inda jam'iyyun AfD da BSW, masu adawa da aika wa Yukren makamai, suke da ƙarfi. Akasarin 'yan majalisarsu sun ƙaurace wa jawabin Zelensky a Bundestag a Yunin 2024, kuma AfD ta zo ta biyu a zaɓen Fabrairun 2025 da kashi 20.8 cikin ɗari. Gwamnatin Merz ta tsai da shawarar rage tallafin ga waɗanda suka iso bayan 1 ga Afrilun 2025. A Fabrairun 2024 ne ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro ta shekara goma, kuma a watan ne ma'aikatar harkokin wajen Jamus ta daina rubuta sunan babban birnin da lafazin Rashanci, ta koma Kyjiw.

Bututun bai gama da su ba. Ranar 26 ga Satumban 2022 aka fasa uku daga layuka huɗu na Nord Stream kusa da tsibirin Bornholm. Suwidin da Denmak sun rufe bincikensu, babban mai gabatar da ƙara na Jamus bai rufe ba, kuma waɗanda yake zargi 'yan Yukren ne da suka yi hayar ƙaramin jirgin ruwa a Rostock. An kama ɗaya a Italiya a Agustan 2025 aka miƙa shi Jamus, wata kotun Polan ta ƙi miƙa wani, firaminista Donald Tusk ya ce laifin ba fasa bututun ba ne, gina shi ne. Gwamnatin Kyiv ta musanta hannu a ciki. Lokacin fashewar babu gas ɗin da ke isa Jamus ta nan, don Gazprom ya rufe bututu na farko tun ƙarshen Agusta, na biyu kuma bai taɓa fara aiki ba. Tsohuwar hanyar Yukren, wadda aka kashe biliyoyi don a kauce mata, ita ta ci gaba da kai gas ɗin Rasha Turai cikin ruwan bama-bamai har 1 ga Janairun 2025, ranar da kwantiraginta na shekara biyar ya ƙare Kyiv ta ƙi sabunta shi.